Na tara kuɗin sabon katin girafik, anya fawa saflai ɗina mai wat 500 za ta ɗauka?

Wani ɗan'uwa ne ya turo wannan tambayar, ga ta a taƙaice:

"Assalamu alaikum Malam. Ina da kwamfutar tebur, furosesa Core i5-12400F, RAM 16GB, SSD ɗaya da had disk ɗaya, katin girafik ɗin da ke kai GTX 1050 Ti ne. Aikin editin bidiyo nake yi da ita, da shi nake rufin asiri, da dare kuma ina ɗan taɓa gem. Na daɗe ina tari har Allah ya sa na haɗa kuɗin RTX 3070 na hannu. Fawa saflai ɗin tare da kes ta zo, an rubuta 500W a jikinta, a layin +12V kuma an rubuta 25A, na duba wayoyinta ban ga mai fin 8 ɗin nan ba. Wani abokina ya ce in sayi adafta in jona daga wayar SATA kawai, wani ya ce sai na sa mai wat 1000, wani kuma ya ce wat 1000 za ta ƙona min madabod. Kuɗin hannuna na kati ne kaɗai. Kaina ya kulle, don Allah a ba ni shawara."

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a sana'a. Gaskiya ka kyauta wa kanka da ka tsaya ka yi tambaya tun kafin ka jona, kuma na ji daɗi da ka karanto abin da ke jikin sitikar, don da wannan 25A ɗin da ka faɗa ka riga ka ba ni rabin amsar. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: kada ka sa RTX 3070 a kan wannan fawar, ko da adafta ko babu, ko na gwaji na minti biyar ne kada ka yi.

Ga dalili. Wannan 500W da aka buga da manyan baƙaƙe a jiki ba shi ne abin dubawa ba. Fawa saflai tana fitar da wuta kala-kala ne, akwai layin 3.3V, akwai 5V, akwai 12V, kuma a kwamfutar zamani manyan masu shan wuta guda biyu, wato furosesa da katin girafik, duk daga layin 12V suke sha. Lissafin kuma ba wuya, bolt sau am shi ne wat. Taka ta ce 25A a kan 12V, to 12 sau 25 ya ba ka 300. Ka ga kenan fawar da ka ɗauka mai wat 500 ce, a inda ake buƙatarta wat 300 kawai take da shi, sauran an tara shi ne a layukan 5V da 3.3V da tsofaffin kwamfutoci suka fi dogaro da su amma yanzu ba wani abu mai nauyi da ke hawa kansu. Kuma wannan 300 ɗin ma in har gaskiya aka rubuta kenan, don irin waɗannan da ke zuwa kyauta a cikin kes sau da yawa lambar da suke bugawa ta ƙololuwar abin da za ta iya fitarwa ce na ɗan lokaci kaɗan tana sanyi, ba abin da za ta riƙe awa uku kana fitar da bidiyo cikin kes ya ɗau zafi ba. In ka samu fawa ta kirki mai wat 650 ka juya sitikarta, za ka ga a ƙarƙashin +12V an rubuta wajen 54A, wato kusan duka wat 650 ɗin a layin 12V yake. Wannan shi ne bambancin, kuma da ido za ka gan shi tun kafin ka biya.

To nawa kwamfutarka za ta sha in an sa sabon katin? NVIDIA ta ce RTX 3070 wat 220 yake ja. Furosesarka, duk da ana kiranta mai wat 65, Intel da kanta ta rubuta cewa in ta buɗe wuta tana kai wa 117. Madabod da RAM da SSD da had disk da fankoki ka ba su kamar wat 50 zuwa 70 gaba ɗaya. In ka haɗa za ka tashi da wajen wat 400, kusan duka a kan 12V, kai kuma 300 ne da kai. Shi kuma GTX 1050 Ti da ya sa ka ga kamar fawar lafiyarta ƙalau, ai wat 75 kawai yake ci, daga ramin madabod yake samun wutarsa ba ya neman wata waya, shi ya sa duk tsawon lokacin nan ba ta taɓa nuna maka halinta ba. Ba a taɓa ɗora mata kaya ba ne.

Yanzu maganar adafta, kuma nan nake so ka fi natsuwa don a nan ne mutane ke yin asara. Ramin da ake soka kati a madabod iyakar abin da yake bayarwa wat 75 ne, duk abin da ya haura haka sai ta waya. Wayar girafik mai fin 6 an ƙayyade mata wat 75, mai fin 8 kuma wat 150. Ita kuwa kan wayar SATA, wadda aka yi don had disk, abin da za ta iya ɗauka a 12V bai wuce wat 54 ba, ƴan siraran ƙarafa uku ne ke ɗauke da shi. Adaftar ba ta ƙara wuta ko kaɗan, siffar bakin kawai take canzawa, sai kati ya zo yana neman wat 150 ta hanyar da aka yi don 54, wurin ya yi zafi, robar ta fara laushi ta yi baƙi, in an yi sa'a kwamfuta ta mutu kawai ka ji ƙauri, in ba a yi sa'a ba wuta ta kama a cikin kes kana can ka bar bidiyo yana fita ka tafi wani uzuri. Kuma ka lura da wannan, rashin wayar mai fin 8 a jikin fawarka ba mantuwa ba ce, waɗanda suka ƙera ta sun san ba za ta iya ba shi ya sa ba su sa ba. Na san abokinka da kyakkyawar niyya ya faɗa, ƙila ma ya taɓa yi a kan ƙaramin kati ya ga ya tashi, amma tashi daban ne, ɗaukar lodi na awanni daban. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Su kuma masu gardamar wat 1000, duka biyun ba su faɗi daidai ba. Fawa ba ta tura wuta da ƙarfi cikin madabod, kayan ne ke janyo iya abin da suke buƙata, in kwamfutarka wat 400 take so to 400 za ta ja ko da fawar mai 1000 ce, babu abin da zai ƙone saboda girmanta. Amma kuma ba ka buƙatarta, ɓarnar kuɗi ce kawai a halin da kake ciki. NVIDIA ta ba da shawarar wat 650 ga RTX 3070, kuma da irin furosesarka da ba ta da haɗamar wuta, 650 mai inganci ta wadatar har da rara. In kana ganin nan gaba za ka ƙara hawa babban kati, misali irin RTX 3080 da ke jan wat 320 ake ba shi shawarar 750, to ka ɗauki 750 tun yanzu ka huta, don fawa mai kyau tana iya ganin bayan kati biyu ko uku.

Za ka iya tambaya, to tunda lissafi ya tsaya a 400, me ya sa ba za a sa 450 ba? Saboda katunan zamani ba sa shan wuta a jere daidai wa daida, suna fizga ne. A cikin ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba kati zai iya zabura ya ja abin da ya haura lambarsa nesa ba kusa ba sannan ya sauko, manhajar da ke nuna maka wat ma ba ta kama shi saboda saurinsa. Jerin RTX 30 da ya fito a 2020 ya yi suna da wannan halin, musamman manyan cikinsu, mutane suka riƙa ganin kwamfuta ta ɗauke ɗif a tsakiyar gem alhali a takarda fawar ta isa. Abin ya yi yawa har sai da Intel ta sa shi a ƙa'idar ƙera fawa saflai ta ATX 3.0 a 2022, inda aka ce fawa mai sabon kan wayar girafik mai fin 16 dole ta jure fizgar da ta ninka ƙarfinta sau biyu na ɗan mitsitsin lokaci. Ga kuma tsufa, kafasitocin cikin fawar, wato ƴan kayan da ke tara wuta suna daidaita ta, suna raguwa da shekaru da zafi. Ratar nan da ke tsakanin 400 da 650 ita ke shanye duk wannan, kuma fawar da ke aiki a wajen rabi zuwa kashi 60 ko 70 na ƙarfinta ta fi sanyi, fankarta ta fi shiru.

Sai maganar tambarin 80 Plus da za ka gani a kwali, Bronze ko Gold da sauransu. Mutane da yawa suna ɗauka shaidar inganci ce, alhali abin da yake aunawa kawai shi ne nawa ne daga wutar da ta shiga ta fita a matsayin wuta mai amfani, nawa ya tafi a zafi. Bronze kamar kashi 85 ne a rabin lodi, Gold kamar kashi 90. Wato in kwamfutarka na cin 400, mai Gold za ta ja wajen 445 daga bango, mai Bronze wajen 470. Kuma 650 ɗin da aka rubuta abin da take fitarwa ne, ba sai ka cire komai daga ciki ba. Ni a ganina ga mai aikin awanni irinka Gold ta fi, amma Bronze daga kamfanin da aka sani ta fi Gold ɗin da ba a san asalinta ba, don tambari abu ne da ake iya bugawa a kwali ba tare da an kai kayan gwaji ba.

Abin da ya fi tambarin muhimmanci shi ne kariyar da ke ciki. Ka duba kwalin ko takardar bayani ka nemi waɗannan gajerun haruffan: OCP da OPP masu kashe ta in an ja fiye da ƙima, OVP da UVP masu lura da hawa da saukar bolt, SCP na in waya ta haɗu, OTP na zafi. Fawa mai waɗannan in abu ya ɓaci kashe kanta take yi ta tsare maka sauran kaya. Marar su kuwa in za ta mutu ba ta tafiya ita kaɗai, tana iya tafiya da kati da madabod har da had disk ɗin da aikin mutane ke ciki, kuma kai da kake riƙe da bidiyon jama'a ka san wannan ya fi asarar kati ciwo. Ka dubi garanti ma, masu kyau suna ba da shekara 5, 7, wasu har 10, wanda ya ba ka shekara 10 ya yarda da abin da ya ƙera. Sunaye irin su Seasonic, Corsair, be quiet!, FSP da Super Flower sanannu ne a wannan fannin, amma kada ka tsaya a suna kawai, kamfani ɗaya yana iya samun samfuri mai kyau ƙwarai da wanda bai kai ba, da yawansu ma ba su ke ƙerawa da kansu ba wata masana'anta ke yi musu. Ka rubuta cikakken sunan samfurin a intanet ka nemi waɗanda suka ɗora shi a na'urar gwaji suka auna, ba masu buɗe kwali suna yabon fenti ba.

Kafin ka sayi fawar, ka fara ganin katin da idonka ko a turo maka hoton gefensa na sama, ka ƙirga ramukan wuta. RTX 3070 ba iri ɗaya ba ne, ya danganta da kamfanin da ya haɗa shi, wani rami ɗaya mai fin 8 gare shi, wani 8 da 6, wani 8 biyu, na NVIDIA ɗin kanta kuma ƙaramin rami mai fin 12 ne da ke zuwa da tasa adaftar, in wannan ne ka tabbata mai sayarwa ya haɗa maka da ita. In rami biyu ne, ka nemi fawa mai wayoyin girafik biyu daban-daban, kowane rami da wayarsa tun daga jikin fawar. Akwai waya ɗaya mai kai biyu a ƙarshe, tana aiki, amma tunda kana da zaɓi raba musu ya fi kwanciyar hankali. Ka kuma auna wurin fawar a kes ɗinka da tsawon katin. Tunda ka ce tare da kes ta zo, alama ce girman ATX ne na yau da kullum, sai dai ga masu karatu da ke da kwamfutar ofis irin ta Dell ko HP ko Lenovo, da yawansu wayar madabod ɗinsu ba mai fin 24 ɗin da aka saba ba ce kuma fawarsu siffarta daban, su sai sun bincika sosai kafin su sayi komai.

Na san inda gizo ke saƙar, kuɗin na kati ne kawai. To ni dai ga abin da zan faɗa wa ƙanena in shi ne: ka ɗauki fawa a matsayin wani ɓangare na kuɗin katin, ba ƙari ba. Ko dai ka sayi fawar yanzu ka sa ta da tsohon katinka ka ci gaba da aiki, ka ƙara ɗan haƙuri ka cike na 3070, ko kuma ka sauko ka ɗauki katin da bai kai shi shan wuta ba ka haɗa da fawa mai kyau a lokaci ɗaya. RTX 3060 wat 170 ne, RTX 4060 ma 115 kawai, duka biyun 550 ake ba su shawara, RX 6600 na AMD kuma 132. Ga mai editin bidiyo, RTX 3060 mai 12GB ba abin rainawa ba ne sam, ƙwaƙwalwarsa ta ma fi ta 3070 mai 8GB yawa duk da 3070 ya fi shi gudu. Amma ka sani ko wanne ka zaɓa a cikinsu yana buƙatar wayar mai fin 8, wato dai tsohuwar fawar nan ta gama aikinta ko ta ina aka ɓullo. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka sayi katin ka ce bari in lallaɓa da wannan zuwa wata mai zuwa, ko ka ce za ka rage masa wuta a manhajar saita kati ta MSI Afterburner. Rage wuta dabara ce mai kyau ga fawa mai lafiya da ta ɗan yi ƙaranci, ba ta gyara wadda ba ta da waya kuma ba a san kariyarta ba. Kati na hannu ba laifi in an gwada shi a gabanka yana ɗauke da lodi, amma fawa ka daure ka sayi sabuwa, don ba yadda za ka gane gajiyar kafasito da ido daga waje.

Ranar da za ka canza, ka kashe kwamfuta ka zare wayar bango gaba ɗaya, ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita, sannan ka ɗauki hoton yadda wayoyin suke kafin ka cire ko ɗaya. Akwai wayoyi biyu masu kama da juna da ke ruɗa mutane, ta furosesa mai fin 8 wadda ke rabewa 4 da 4, galibi an rubuta CPU a kanta, da ta girafik mai rabewa 6 da 2 an rubuta PCIe ko VGA. Tsarin wutarsu ba ɗaya ba ne, in ka ji tana turjewa ba ta shiga kada ka danna da ƙarfi, ka ciro ka duba rubutun. Wadda ta dace za ta shige har ka ji ɗan ƙas na makullin, ka sa fitila ka duba gefen ka tabbata ba wata ƴar rata tsakanin roba da roba, don filogin da bai zauna ba shi ke yin zafi, abin da NVIDIA ta danganta narkewar kan wayar RTX 4090 da shi kenan a 2022. In fawar irin wadda ake cire wayoyinta ce, ka yi amfani da waɗanda suka zo a kwalinta kaɗai, kada ka taɓa aron wayar wata fawar ko da ta shiga daidai, ɓangaren da ke shiga jikin fawa kowane kamfani da nasa tsarin, 12V tana iya faɗawa inda bai kamata ba ta kashe disk nan take. Tsohuwar kuma kada ka kwance ta don ganin ciki, manyan kafasitocinta suna riƙe wuta mai haɗari ko bayan an zare ta daga bango.

Ka fara kunna sabuwar fawar da tsohon katinka tukuna, in komai ya tashi lafiya sai ka kashe ka sa sabon, ta haka in matsala ta fito ka san daga ina take. Bayan nan ka buɗe HWiNFO ko GPU-Z, manhajojin da ke nuna zafi da wat, ka sa bidiyo mai nauyi yana fita ko gem na kamar awa ɗaya kana kallon zafi da wat ɗin da katin ke ja. In kwamfuta ta ɗauke ɗif ko ta sake kunna kanta daidai lokacin da lodi ya hau, ba wani saƙo a allo, to wajen wuta za ka fara dubawa, ka sake bin filogan ɗaya bayan ɗaya. In kuma zane-zane ne ko ɗigo-ɗigo masu kala suka fito a allo, wannan ya fi kama da matsalar katin kansa, ka koma wa mai sayarwa da wuri tun lokacin gwajin da kuka yi yarjejeniya bai wuce ba. In kana amfani da UPS ma ka duba ta, lambar VA da ke jikinta ba wat ba ce, mai 650VA galibi ba ta kai wat 400 ba, za ta iya fara kuka ko ta yanke da zarar sabon katin ya ɗauki lodi.

In ka samu samfurin fawa biyu ko uku da kake tunanin saya, ka turo min cikakkun sunayensu da hoton sitikar kowacce da na ramukan katin, sai mu duba tare kafin ka fitar da kuɗinka. Allah ya ƙara buɗi.